Saƙon da Ciwon Daji Ke Saki Cikin Jini

Ina gaida mutanen Tasawa da Maijirgi da Urafan da Korgom. Ina gaida na Mayahi da Kanan Bakashe da Sarkin Hausa da Isawan. Wanda ke kan tabarma a ƙofar gida, da wadda ke kwashe tuwo rediyo na rataye a danga, duk ku matso kusa. Yau maganar ciwon daji za mu yi, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa. Za mu yi maganar wani ɗan saƙo da wannan ciwo ke saki cikin jini tun bai nuna kansa ba.

Bari mu fara daga gona.

Manomin hatsi a nan ba sai an kwatanta masa gaugai ba, wanda wasu ke ce wa ƙuduji ko wuta-wuta. Ranar da ka ga furensa ya yi ja a tsakanin hatsi, ka san ba ranar ya zo ba. Ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa, maƙale da saiwa, yana tsotsa. Kai kana ganin hatsi ya tsumbure, kana zargin ƙarancin ruwa ko na taki. Ashe ɓarawon na ƙasa.

Haka ciwon daji yake. Yana daɗewa a ɓoye. Ranar da ya fito fili, sau da yawa ya riga ya yi nisa.

Na ga wannan da idona. Wata gwaggona ce, a wani ƙauye arewa da Mayahi. Tana wanka ta ji ɗan ƙullutu a nononta na hagu, kamar ƙwarar gujiya. Ba ya ciwo. Da yake ba ya ciwo, sai ta ƙyale shi. Damina ta sauka, aiki ya yi yawa. Kaka ta zo, aka ce bari a gama ɗaurin hatsi. Da ya kai girman ƙwan zabo aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Har sakiya aka yi mata. Ranar da muka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, tana tallafe da hannun hagu da na dama, don ya kumbura ya yi mata nauyi. Likitan da ya duba ta ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ɗago kai ya ce: "Tun yaushe?" Muka ce shekara ɗaya da rabi. Allah ya jiƙanta da rahama. Wannan tambaya ta "tun yaushe" ce ta zaunar da ni gabanku yau.

To, ga kashi na farko. Mene ne wannan saƙo?

Jikin ɗan Adam gini ne, kuma tubalinsa ƙwayoyin halitta ne. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A jikin babban mutum akwai kimanin tiriliyan 30. In ban da jajayen ƙwayoyin jini, a cikin kusan kowace akwai kundi ɗaya mai ɗauke da tsarin ginin jiki. Shi ne ake kira DNA, masu karatun Faransanci su ce ADN. Kundin da ke cikin ƙwayar hanta shi ne dai ke cikin ƙwayar ido. To me ya sa hanta ba ta gani? Saboda kowace ƙwaya da shafukan da take karantawa.

Kundin ba ya barin ɗakinsa. Idan ana bukatar wani shafi, kwafo shi ake yi, kamar yadda almajiri ke kwafo karatun ranar a allonsa. Wannan kwafi shi ne RNA, ko ARN. Da shi ake zuwa maƙerar ƙwayar, a ƙera furotin, wato kayan aikin jiki.

Shekaru da yawa masana na ɗaukar RNA a matsayin ɗan aike kawai. Sai aka gano akwai wani irinsa ɗan guntu, mai haruffa 22 ko kusa da haka. Shi ba ya ƙera komai. Aikinsa ya je ya manne wa dogon kwafin nan, ya ce masa: ya isa haka. Sunansa maikuro-RNA. Ni zan riƙa ce masa ɗan guntun saƙo.

Iyayena mata, ku kun fi kowa gane wannan. Rumbu na iya cika, amma ba a buɗe shi a kwashe a rana ɗaya. Akwai mai awo. Yau tiya biyu, gobe uku don an yi baƙi. Ɗan guntun saƙo shi ne mai awon. Shi ke ƙayyade yawan abin da ƙwaya za ta ƙera. Ku riƙe wannan: mai awo ne.

Kuma ba a jikin mutum aka fara ganinsa ba. A jikin wata ƴar tsutsa ce da ke rayuwa cikin ƙasa, tsawonta milimita ɗaya. A 1993 wasu masana biyu a Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suka bayyana shi. Duniya ba ta kula ba, aka ce wannan al'amarin tsutsa ne. Sai a 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano wani na biyu, aka duba aka same shi a jikin ƙuda da kifi da mutum. Yau an san ɗan Adam na da ire-irensa fiye da dubu. A 2024 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel ta fannin likitanci, shekara 31 bayan aikin da aka yi wa ko in kula.

Ina ya haɗu da ciwon daji? Ciwon daji ƙwaya ce da ta ƙi jin tsawa. Tana hayayyafa ba tsayawa. Lokacin mutuwarta ya yi, ta ƙi mutuwa. A 2002 George Calin da Carlo Croce, a birnin Filadelfiya, suka duba masu wata irin sankarar jini. Suka tarar a wajen kusan biyu cikin uku, wasu guntayen saƙo biyu, mai lamba 15 da mai lamba 16, sun ɓace ko sun ragu ƙwarai. Mai awo ya tafi. Rumbu ya zauna a buɗe. Daga baya aka gano akasin haka ma yana faruwa: wani guntun saƙon yakan yi yawa, ya danne masu tsawatar wa ƙwayar.

Mun shiga kashi na biyu. Yaya saƙon ke zuwa cikin jini?

Ƙwayoyin jiki ba a rufe suke ba. Suna aike da juna. A 2007 masu bincike a Gotenbag ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa ƙwaya takan ƙulle RNA cikin wani ɗan ƙunshi na kitse, ta sake shi waje, wata ƙwayar ta karɓa. Kamar dai ƙullin goro da ake ba yaro ya kai maƙwabta. Ƙwayar daji ma tana aika nata ƙullin. Wani ƙunshin yana shiga jini, wani fitsari, wani yawu.

A 2008 wata tawaga a Siyatil ta Amurka, ƙarƙashin Muneesh Tewari, ta nuna abu biyu. Na ɗaya, ana iya tsintar saƙon ƙwayar daji a cikin ruwan jini. Na biyu, saƙon ba ya saurin lalacewa. Sun ajiye ruwan jinin kwana guda a kan tebur. Sun daskarar da shi sun narkar har sau takwas. Saƙon na nan.

Ku tsaya a nan, jama'a, don nan ne abin ya shafe mu.

Cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji tana Yamai. A can ne aka fara gasa ciwon da haske a 2021, karo na farko a tarihin Nijar. Kafin nan sai an fita waje. Daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne. Ka wuce Gazawa, Agye, Cadawa, Maradi. Ka wuce Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mai jinya. Kuɗin mota biyu ke nan, ga abinci, ga masauki, ga gonar da aka bari. Shi ya sa mutane ke jinkiri. Sau da yawa ba taurin kai ba ne. Lissafi suke yi, lissafin ya ƙi fita.

Yanzu ku yi tunanin a ɗibi jini a asibitin gundumar Mayahi, a sa a mota, jinin ya yi tafiyar, mutum ya zauna gida yana jiran sakamako. Dama ana yin makamancin haka. Jaririn da uwarsa ke da ƙwayar sida, akan ɗiga jininsa a ƴar takarda, ya bushe, a aika awo. Dabarar da ake ƙirga guntun saƙo da ita kuwa, wadda ake kira PCR, ita ce aka yi awon korona da ita a cibiyar CERMES ta Yamai. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Wannan shi ne burin: jini ya yi tafiya, mutum ya huta.

Akwai inda burin ya fara zama gaskiya. A 2019 likitoci a Jamus, ƙarƙashin Klaus-Peter Dieckmann, suka fitar da sakamakon awon maza 616 masu sankarar ƴaƴan maraina. Guntun saƙo mai lamba 371 suka nema. Ya tona ciwon a wajen mutum 90 cikin 100. Tsofaffin awon jini na wannan ciwo kusan rabi kawai suke kamawa. Kuma idan aka cire ƙarin, saƙon yakan faɗi ƙasa cikin ɗan lokaci. Idan ciwon ya dawo, ya sake tashi. Ka ga likita ya sami ɗan rahoto a cikin jini.

Sai dai wannan sankara ba ta da yawa a tsakanin ƴan Afirka. Waɗanda ke cinye mu su ne ta nono, da ta bakin mahaifa, da ta hanta. Su kuwa har yanzu, a nan ko a Turai, ba a sami awon guntun saƙo da aka amince a yi wa jama'a da shi ba. Bari in maimaita. Sankarar nono, sankarar bakin mahaifa, sankarar hanta: awon guntun saƙo na waɗannan galibi yana ɗakin bincike tukuna. Bai iso asibiti ba, ko a nan ko a Turai.

Kashi na uku ke nan. Me ya hana?

Ka taɓa neman muryar mutum ɗaya a tsakiyar kasuwa, rana tsaka? Haka jini yake. Kowace gaɓa tana sakin nata saƙon. Ƙarin da bai wuce ƙwarar gujiya ba, raɗa yake yi cikin wannan hayaniya. Akwai wani guntun saƙo mai lamba 21 da ke ƙaruwa a sankara iri-iri. An yi murna da shi da farko. Sai aka ga yana ƙaruwa a kumburi da ciwon zuciya ma. Hayaƙi ne da ba ya faɗa maka ko gobara ce ko girki.

Ga kuma wata matsala da ta fi kusa da mu. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da nasu guntayen saƙon. Idan suka farfashe, sai su zubar da shi cikin ruwan jini, awo ya rikice. Suna fashewa idan aka ja jini da gaggawa, ko kwalbar ta sha zafi a hanya. Suna fashewa a jikin mai masassarar cizon sauro. Suna fashewa a jikin mai sikila, wato amosanin jini. To wace gunduma ce tamu ba ta san waɗannan biyu ba? Mafi yawan binciken da aka yi, da jinin mutanen Turai da Amurka da Sin aka yi shi. Teburin da aka ajiye jini a kai a Siyatil bai san zafin bazarar Tasawa ba. Ni a ganina wannan aiki ne da ke jiran ƴaƴanmu. Muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maradi. Muna da jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, inda ake rubuta lissafin masu ciwon daji tun 1992. Awon da za a yi mana, dole a fara gwada shi da jininmu, a yanayinmu, da izininmu.

Wani zai ce: ai ko da kuskure kaɗan, a kawo mana hakanan. Bari mu yi lissafi tare. Awon Jamus ɗin nan da na yaba, a cikin lafiyayyu 100 yakan yi wa kusan 6 ƙarya, ya ce akwai ciwo alhali babu. Misali a ce an tara lafiyayyu 1,000 a gari ɗaya an yi musu awo mai irin wannan kuskure. Mutum 60 za su koma gida hankali tashe. Gidaje 60 za su sayar da akuya ko rago su kama hanyar Yamai a kan ciwon da babu shi. Shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan. Awon da za a yi wa marar lafiya daban, wanda za a yi wa gari gaba ɗaya daban.

Saboda haka ina gargaɗinku. Akwai masu yawo da kwamfuta da wani ɗan ƙarfe da za su ce ka riƙe a hannu. Minti biyu su lissafa maka cututtuka goma, har da daji, sannan su buɗe jaka su sayar maka da magani. Babu na'urar da ke gane ciwon daji ta tafin hannu. Babu. Kada ka ba su kuɗinka, kada kuma ka ba su lokacinka, don lokacin ya fi kuɗin tsada.

Kashi na huɗu gajere ne. Magani.

Dabarar mai sauƙin faɗi ce. Idan mai awo ya ɓace, a ƙera wani a mayar. Idan mugun saƙo ya yi yawa, a aika abin da zai toshe shi. A 2013 aka fara gwada maganin farko na irin wannan a jikin masu ciwon daji, sunansa MRX34. An naɗe guntun saƙo mai lamba 34 cikin kitse, ana sa shi ta jijiya. A wajen wasu ƙalilan ƙarin ya ragu. Amma garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, ta tashi da ƙarfi, mutum huɗu suka rasu. A 2016 aka dakatar da gwajin. Guntun saƙo ɗaya yana taɓa shafuka da yawa a lokaci guda, kuma kai shi ga ƙari kaɗai ba tare da ya ratsa lafiyayyun gaɓoɓi ba abu ne mai wuya. A 2018 an amince da wani magani na dangin guntun RNA mai suna patisiran, amma na wata cutar gado ce. Na ciwon daji, har yau babu ko ɗaya da aka amince da shi. Ana nan ana aiki. Wanda ya ce maka yana da shi a jaka, ƙarya yake yi.

Mun zo kashi na biyar, kuma shi ne wanda nake roƙon ku ƙara muryar rediyo.

Kafin masana su gama koyon jin raɗar jini, jiki yana da wasu saƙonnin da hannu da ido ke iya karantawa.

Ƴar'uwa, sau ɗaya a wata, bayan kin yi tsarki daga al'ada, ki shafa nononki da tafin yatsu yayin wanka, har zuwa hamata. Ƙullutu mai tauri, ko kan nono ya lotsa ciki, ko jini na fita, ko fata ta yi kamar ɓawon lemu, ki tafi asibiti. Kada ki jira ciwo. Na gwaggona bai yi ciwo ba. Mai shayarwa ma, idan kumburi ya ƙi sauka bayan an sha magani, ki koma. Yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne, amma likita ne zai faɗa.

Jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, wannan ma saƙo ne. Akwai awon bakin mahaifa da ake yi da ruwan tsami irin na binegar, cikin ƴan mintoci. Yana nuna tabon tun bai zama daji ba, kuma a wannan mataki ana kawar da shi cikin sauƙi. Idan kin kai shekara 30, ki tambayi ungozomar asibiti inda ake yinsa. Maigida, kai ne za ka kai ta. Tun 2007 gwamnati ta ayyana maganin sankarar mata kyauta a asibitocinta. Kuɗin mota da na abinci suna nan, wani lokaci magani ya yanke a saya a waje. Duk da haka ku tambayi haƙƙinku.

Maza, hanta. Babban mai jawo sankarar hanta a yankinmu shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Takan zauna a jiki shekara ashirin ko talatin shiru. Awonta yana nan, da ɗigon jini ake yi. Rigakafinta na cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a Nijar tun 2008, a mako na 6 da na 10 da na 14. Ku cika su uku. Sannan gujiya da masara da suka yi fumfuna suna da dafin da ke cin hanta. Ku shanya su bushe sarai kafin a zuba a buhu. Ƙwarar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Akwai wata magana da nake ji a wurin zaman makoki, cewa idan ƙarfen likita ya taɓa daji sai ya bazu. Na san daga inda ta fito. Ana kai mutum a makare, a yi aiki, ya rasu bayan wata biyu, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Ciwon ya riga ya bazu tun kafin a isa. Ɗan yankin tsoka da likita ke ɗiba ya aika awo, shi ne har yau hanyar da ke tabbatar da ko daji ne, kuma wane iri. Idan ya nema, ku yarda. Addu'a kuma a ci gaba da yi, a hanya da kan gadon asibiti.

Idan za ki tafi, ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba ki takarda zuwa asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, daga nan Maradi. Ki adana kowace takarda cikin leda. Ki tuna watan da kika fara jin abin, ko da da lissafin gona ne: lokacin shuka, lokacin noman farko, lokacin girbi. Likita zai tambaya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan ciwon hanta shi kaɗai: yadda ake kamuwa, yadda ake awo, da abin da mai ɗauke da ƙwayar zai yi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.